Ranar da Baba ya taka tasha ta ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Alƙahira, na taɓa zama ɗan wasan besbol. Eh, ni ɗin nan da kuke gani da tumbi. Ku gama dariyarku sai in ci gaba.

Wani abokina da muke haya gida ɗaya a unguwar Madinat Nasr ne ya jawo mana. Ya ji labarin akwai wani fili a unguwar Ma'adi da baƙi mazauna garin ke haɗuwa duk Asabar suna wasan, kowace al'umma da ƙungiyarta, kuma ana neman ƙungiya ɗaya gasa ta cika. Mutumin nan in abu ya shiga kansa ba sauran zaman lafiya. Cikin sati biyu ya haddace dokokin wasan kamar zai shiga jarrabawa, ya tara mu, ɗalibai da 'yan ma'aikatan ofishin jakadanci, ya naɗa kansa koci. Ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma wanda ya musa, tunda shi kaɗai ya san ta ina ake gudu.

Ga wanda bai san wasan ba, wani ne zai jefo maka ƙwallo, ka maka mata kulki ka ruga. Wuraren tsayawa huɗu ne, mu tasha muke ce musu, irin ta motar haya. In ka kai duka sau uku ba ka samu ba, ka fita. In ka samu ta tashi sama wani ya cafe kafin ta taɓa ƙasa, nan ma ka fita. Bugun kuwa bi da bi ake yi, bisa jerin sunayen da koci ya rubuta. To wannan jerin ne ya so ya raba mu.

A cikinmu akwai wani dattijo, direba ne a ofishin jakadanci, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya ya koma gida. Baba muke ce masa. Shi ke kwasar mu daga tashar metro, wato jirgin ƙasan cikin gari, a tsohuwar motarsa, sawu biyu, kuma duk Asabar Hajiyarsa sai ta aiko mana da kular dambu. Mutumin kirki ne ƙwarai. Amma maganar gaskiya, Baba da ƙwallon nan ba su taɓa gaisawa ba. Sai ta wuce ta shige hannun mai kamawa sannan kulkinsa zai taso. Duk da haka abokina kullum sunan Baba yake fara rubutawa, sauranmu kuma ya jera mu bisa shekaru. Ni na takwas nake zuwa, ni da nake ganin duk ƙungiyar ba kamata.

Na ce masa, "Malam, a duniya ba inda ake haka. Wanda ya iya ake sa wa a gaba."

Ya ce, "A gidanku kai kake fara sa hannu a kwano kafin babanka?"

Na ce, "Wannan ai ba tuwo ba ne!"

Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, na riga na rubuta."

Haka muka yi ta shan kashi. Bayan kowane wasa mukan zauna a wani ahwa, wato wurin shan shayinsu, a Hadayek el-Ma'adi, a baje kolin musu. Baba ba ya zama, yana sauke mu sai ya wuce gida, shi ya sa bakin kowa ke buɗewa. Wannan ya ce a mai da Baba na tara, wato na ƙarshe, wancan ya ce a'a, koci ne ma ya kamata a sauke. Har mai ahwan, Bamisiren da bai taɓa ganin wasan ba, sai ya ajiye faranti ya ce shi a ganinsa matsalarmu rashin mai tsaron gida ce. Amma duk cikinsu ba wanda ya kai ni zaƙewa. Da kofunan shayi nake jera 'yan wasa a kan tebur ina bayani, jijiyar wuya a waje.

Baba kuwa burinsa ɗaya ne, kuma a mota ya taɓa faɗa mana. Ya ce shi dai kafin ya koma gida yana so ya bugi ƙwallon nan ya taka tasha ta ɗaya da ƙafarsa, ko sau ɗaya ne. Akwai ranar da wani mai jifa ya tausaya masa, ya riƙa jefo ta a karkace, don in aka yi haka sau huɗu doka ta ba mai bugu tasha ta ɗaya kyauta. Baba ya gane. Ya riƙa kai wa iska duka da gangan har ya fita, ya dawo yana huci, ya ce shi ba sadaka ya zo karɓa ba.

Wata Asabar na zo da sabuwar dabara. Ƙungiyar 'yan Filifin suna da masu jifa har uku, mu ba mu da ko ɗaya na kirki, kuma dokar gasar ta yarda a yi musayar ɗan wasa. Na buga tebur na ce, "Koci, ka je ka karɓo mana mai jifa, ka ba su wanda ba ya tsinana mana komai." Ban kama suna ba, amma kowa ya san inda na dosa. Abokina ya dube ni ya ce, "Tamam. Shawara ce mai kyau."

Sati na zagayowa ya tara mu a bakin fili, ga wani siririn ɗan Filifin a gefensa, ya ce an yi musaya. Ni har na fara tausaya wa Baba, ina shirya kalmomin ban haƙuri. Sai na ji ya ce, "Kai, tattara kayanka, ga kocinka can yana jiranka."

Na waiga bayana. Ba kowa. Ni ake nufi.

Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne musun da aka koma yi a ahwa. Labari ya zo min cewa an kasu biyu, wasu na cewa an cuci 'yan Filifin, wasu na cewa ai da saninsu suka karɓa, lada suke nema. Sati biyu ba na yi wa abokina magana, ga shi ɗaki ɗaya muke kwana. In ya dafa taliya sai in sauka in sayi koshari, dafa-dukar Misirawa, in dawo in zauna gabansa ina ci. Baba kaɗai bai canza ba. Yana ɗaukata a mota kamar da, kuma in an buɗe kular dambu sai ya ƙwala min kira daga can ɓangaren abokan hamayya, "Ɗana, zo ka ci, ba da cikinka aka yi musaya ba."

Sai ga wasan ƙarshe na gasar, kuma shi ne na ƙarshe ga Baba, don an riga an ɗaure kayansa. Allah cikin ikonsa, da sabuwar ƙungiyata za su kara. Saboda tsawona aka tsayar da ni gadin tasha ta ɗaya. Baba ya fito sau biyu ya fita sau biyu. Da ya fito na ƙarshe kowa ya miƙe tsaye, har Hajiya da ta zo kallo ranar. Aka jefo, ya kuskure. Aka sake, ya kuskure. A na uku sai muka ji ƙwas!

Ƙwallo ta yi sama, ba nisa, ta tsaya daidai kaina.

Yau zan faɗi abin da ke raina a lokacin, ko da ba zai yi min kyau ba. Wallahi ban tuna da burin Baba ba. Abin da na tuna kawai shi ne abokina koci na kallo, yau zai san wanda ya bayar. Na buɗe safar hannun da ake cafe ƙwallo da ita, na gyara tsayuwa, na yi ihu kowa ya matsa tawa ce. Ta sauko ta daki gefen safar, ta daki goshina, ta gangara can. Kafin in gama ganin taurari Baba ya iso da gudu, hula a hannu, ya dira ƙafa biyu a kan tashar.

Fili ya kaure. Mutanenmu na ta kabbara, Hajiya na guɗa, 'yan Filifin ɗin ma tafi suke yi. Baba kuwa bai yi murmushi ba. Yana haki ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, da gangan ka sake ta?"

Na ce, "Baba, wallahi tallahi iya ƙoƙarina ke nan. Dubi goshina."

Ya dubi ƙulun da ya fara tasowa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhamdu lillahi. Ma'alish, yi haƙuri, ɗana. Ashe dai koci ya san aikinsa."

Da yamma a ahwa aka mai da ni gwarzo. Kowa na cewa ɗan halak ne, ya rufa wa dattijo asiri. Na yi rantsuwa har na gaji, ba wanda ya yarda. Abokina ya rungume ni ya ce dama ya san zuciyata mai kyau ce, muka shirya a kan alherin da ban yi ba. Har yau in mun yi waya sai ya tayar da maganar, ni kuma na daina musu.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan komawarsa gida, Allah ya jiƙansa. Da na je gaisuwa, Hajiya ta nuna min ƙwallon a cikin kabad ɗinsa, ta ce duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin, kuma kullum yakan ƙara da cewa yaron ya so kamawa, bugun ne ya fi ƙarfinsa.

Ina kewar Asabar ɗin nan, da ƙurar filin, da musun da ba ya ƙarewa. Yanzu in na ji masu kallo suna yanka koci a kan wa ya sa wa ya cire, sai in yi shiru, don na san abin da ke cikin jerin suna ya fi abin da ake gani daga teburin shayi. Da na iya wasan kamar yadda na iya surutu, da na cafe ƙwallon nan, da Baba ya koma gida bai taka tasharsa ba. Abubuwan da ban iya ba a rayuwa suna da yawa, amma wannan kaɗai ne har gobe nake gode wa Allah a kansa.