Gurbin Da Sabiru Ya Bar Mini A Waƙa

Na gane ka tafi ne a lokacin da Sa'id ya yi mini Hausa. Abokinka ne tun kuna rarrafe, a gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina ya girma, yana jin duk abin da na faɗa, amma bai taɓa amsa mini da wani harshe ba sai Larabci. Ranar Talata, sha ɗaya ga Safar, bayan La'asar, ina madafa ina tace maka citta da zuma zan kai maka asibiti, sai ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Umma, ajiye tukunyar. Ki zauna." Hausar tana fita a karkace, kamar mai tafiya da takalmin wani. Ban tambaye shi komai ba. Na kashe wuta, na zauna a ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ce Tasallah, matar marigayi Abdou. Wanda ya rasu ɗana ne na fari, Sabiru, yana da shekara ashirin da tara. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ƙanwarsa Sundus ta ce in faɗa ta rubuta, na ce a'a. Da hannuna zan rubuta, ko da layin zai karkace.

Duk wanda ya san gidanmu zai yi mamakin ganin sunan nan daga wurina. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kakarka Asama'u ta zo da wannan kunyar tun daga ƙasar Hausa, ta ratsa Cadi da Sudan da ita a ƙafa, ta haye teku, ta sauke ta a Madina ba ta zubar da komai ba. Haka na tarar, haka na riƙe. Kana ƙarami ina ce maka "wannan yaron", da aka haifi ƙanwarka ka koma "Yayan Sundus". Kai kuwa kakan tsokane ni, ka tsaya a gabana ka ce, "Umma, ya sunana ma? Na manta." In jefe ka da ludayi.

An yi maka sallah a Harami bayan Isha, aka kai ka Baƙi'a. Mata ba ma shiga, sai na tsaya a bayan katanga ina kallon kawunan maza har suka ɓace. Kabarin Baƙi'a ba a rubuta masa suna. Na yarda da haka, kuma na gode wa Allah da ya ba ka makwanci a wannan ƙasa, kusa da waɗanda suka fi mu.

Da aka jera kujerun zaman makoki a ƙofar gida, ana ta zagayawa da gahawa da dabino, kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya jiƙan yaron kirki, ma'aikacin filin jirgi." Gaskiya suka faɗa. Aikinka tura keken tsofaffin alhazai daga bakin jirgi zuwa mota, da yi wa waɗanda ba su jin Larabci tafinta. Abokan aikinka sun ba ni labarin wani dattijo daga Maraɗi da ya cire takalmi ya rantse ba zai taka garin Manzon Allah da takalmi ba, ga kwalta tana ƙuna kamar kasko. An yi lallashi, an yi faɗa, ya ƙi. Kai ne ka durƙusa ka ce masa, "Baba, hau keken nan. Ba takalmi, ba ƙuna, ni zan taka maka." Ya hau yana kuka yana sa maka albarka, kai kuma ka rataye takalmansa a wuyanka har bakin mota. Ba ka taɓa ba ni wannan labarin ba, sai bayan ranka na ji.

Amma a duk zaman nan babu wanda ya buɗe baki ya ce kai mawaƙi ne. Idan Sa'id da Saif da Abdulsalam suka wuce da butar gahawa, sai a sauke murya, a bi su da ido. To ni zan faɗa, tunda ni na haife ka. Sabiru mawaƙi ne. Shi ne mai murya a ƙungiyar Tsakuwa. Sa'id da Abdulsalam suna kaɗa jita, Saif yana kan ganguna. Kiɗan nasu ana ce masa metalko, kiɗa ne mai nauyi da ruri, mawaƙin yana yin rabin waƙar da ihu daga ƙasan ciki. Sun gama albam ɗinsu na farko mai suna Hanyar Ƙasa, an tsayar da fitowarsa a ƙarshen watan nan, kuma an shirya musu zagayen wasa a Jidda da Riyad da Hubar, daga nan su haura Alƙahira.

Ranar da na fara jin wannan muryar daga banɗaki ta fito. Na ɗauka aljani ya shige ka. Na tsaya a bakin ƙofa ina karanta Falaƙi da Nasi ina tofawa, ka buɗe da tawul a kai kana dariya har kana riƙe ciki. Ka ce, "Umma, gwaji nake yi." Na ce wane irin gwaji ne wannan, kamar an zuba tsakuwa a tukunya ana girgizawa? Washegari ka dawo ka ce ƙungiya ta sami suna, kuma ni na raɗa. Daga nan ka daina yi a gida saboda maƙwabta. Kakan ja mota zuwa can ƙarshen kwarin Aƙiƙ inda babu gidaje, ka rufe gilashi ka yi ihunka, ka dawo murya a dishe. Ni kuma na shiga dafa citta da kanumfari da zuma. Ranakun hutunka kuna Jidda, domin a can ne ake da ɗakin ɗaukar sauti.

Na ji wasu mata a cikin gidana, a kan tabarmata, suna raɗa cewa ihun ne ya fasa maka ƙirji, wai irin kiɗan nan ba ya barin mai shi ya ƙare lafiya. Ku saurara, 'yan'uwana. Sikila ce. Da ita aka haife shi, daga jinina da jinin ubansa, tun bai san mene ne jita ba. Ita ce ta hau masa ƙirji a wannan karon, kwanansa kuma ya ƙare. Ku bar ɗora wa mamaci abin da ba ku sani ba.

Ni na san inda ihun nan ya fito. Kana ɗan shekara shida idan ciwon ya tashi, ƙasusuwanka suna ci kamar ana sara, kakan cusa bakin mayafina a baki ka cije don kada in ji. Ka lura cewa ni ba na iya yi maka kuka a gaban mutane, ba na iya rungumarka a gaban kakarka, sai kai ma ka koyi haɗiyewa. Likitoci suna yabonka, wai yaro mai haƙuri, sunansa ya bi shi. Mayafaina nawa ka huda da haƙori, ni kaɗai na sani. Da ka girma ka sami wurin da za ka buɗe baki ka saki abin nan gaba ɗaya, mutane kuma su tsaya su saurara, wallahi ban ga shaiɗan a ciki ba. Ɗana na gani yana numfashi.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Baffanka Sanusi, yayan mahaifinka, ya kira ni da yaran nan uku. Mutum ne da ya riƙe mu tun rasuwar Abdou, ba zan taɓa faɗin sharrinsa ba. Ya ce, "Tasallah, a goge abin nan. Kada ya fita. Duk wanda ya saurara, alhakin zai bi yaron nan har kabari, shi kuma ba shi da bakin tuba yanzu." Hawaye yake yi yana faɗa. Haka ake yi a nan, na sani: mutum ya rasu, dangi su bi wayarsa da shafukansa su share duk wata waƙa, don tausayinsa. Sa'id ya sunkuyar da kai ya ce su ba za su fitar ba kuma ba za su goge ba, sai abin da Umma ta ce.

Maganar Baffa ta shige ni. Wace uwa ce za ta so ta ƙara wa ɗanta nauyi a kabari? Sai na ce wa Sundus ta kunna mini albam ɗin tun daga farko, ta zauna kusa da ni tana faɗa mini kalmomin, domin kunnena ba ya tsinto su a cikin rurin. Da hantsi muka zauna a ɗakinka, rigunanka baƙaƙe suna rataye a bayan ƙofa.

Labarin kakarka ne, Sabiru. Ashe duk tambayoyin da kake yi mini muna tsince shinkafa, kwashewa kake. Ga shekarun da suka yi suna noman auduga a Sudan don su sami na jirgin ruwa. Ga jaririyar da ta binne a gefen hanya, ta ɗora dutse, ta ci gaba da tafiya ba ta waiwaya ba. Ga waƙar da kake ce wa masu kiranmu baƙi, kakata ta zo garin nan da ƙafa, ku da me kuka zo? Ga wadda kake magana da ciwonka kamar abokin kokawa, kana ce masa ka kayar da ni amma ba ka ji na roƙe ka ba. Ban ji zagi ba, ban ji batsa ba, ban ji inda ka saɓa wa Ubangijinka da kalma ba. Rabi da Larabci, rabi da Hausar da ake cewa yaranmu sun yar.

Na koma wurin Baffa na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba za a goge ba." Ni ba malama ba ce, ban zo da fatawa ba, kuma ban ce kiɗa ibada ne ba. Malamai sun yi maganarsu, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Abin da na sani shi ne yaron da yake ajiye makirfo idan an kira sallah, ya ja abokansa sahu. Wanda zai yi masa hisabi ya san shi fiye da ni da Baffa, kuma rahamarsa ta fi tsoronmu faɗi. Zan yi masa sadaka, zan yi masa addu'a har in bi shi. Amma ba zan sa hannuna in toshe bakin da ya yi shekaru yana cizon mayafi ba. Idan akwai laifi a fitar da shi, ni na ba da izini, a rubuta a kaina. Tun ranar Baffa bai shigo gidan ba. Ƙofa a buɗe take, Yaya.

Yaran sun so su soke zagayen. Saif ya ce ba zai iya ɗaga sandar ganga ba yana kallon wurin da kake tsayawa. Na ce ku tafi. Ku kunna muryarsa, ku kaɗa a bayanta, ku bar makirfonsa a tsaye a gaba. Na wanke rigunanka na goge, na ba kowannensu ɗaya. Burinka shi ne wata rana ku bi hanyar kakarka a juye, har ku yi wasa a Yamai da Kano. Wannan kuma yana hannun Allah da hannun abokanka.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sabiru ɗan Abdou. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya ƙasusuwan da ba su taɓa hutawa ba, ka tashe shi cikin maƙwabtan Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ina yi wa Sundus ta'aziyya, da Baffa Sanusi da iyalinsa, da danginmu na Makka da Jidda da na gida, da abokan aikinsa na filin jirgi. Sa'id, Saif, Abdulsalam, ku ma 'ya'yana ne, an yi muku rashi, ko da ba a jera ku a sahun masu karɓar gaisuwa ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Saura abu ɗaya. A waƙar ƙarshe akwai inda ganguna da jita suke ɗaukewa ɗif, a yi shiru kamar na numfashi biyu, sannan su dawo. Na ce wa Sundus ko wayar ce ta tsaya. Ta ce, "A'a Umma, wurinki ne." Sai na tuna. Watannin baya ka zo kana lallaɓa ni, ka ce, "Umma, kalma ɗaya ce. Ki zo Jidda ki kira sunana, kamar kina kirana cin abinci." Na ce tafi can, marar kunya. Ka yi dariya ka ce, "Ba komai, zan bar miki wurin."

Sa'id ya ce za su riƙe waƙar har in zo, kuma Sundus za ta raka ni a jirgin ƙasa. Na san za a yi magana, a ce tsohuwa ta kai muryarta cikin kiɗa. A yi. Na gwada a madafa ni kaɗai, bakina yana buɗewa amma sautin bai fito ba tukuna. Sunan nan na rubuta shi a nan sau da yawa, ban riga na faɗe shi da baki ba. Gurbin yana nan yadda ka bar shi, kuma har yau ban je Jidda ba.