Yadda Ladi Ta Ceci Wanzami

A zamanin da jirgin ƙasa yake sabon abu a Zariya, har mutane na barin sana'arsu su je kallonsa, mahaifina ya sami aikin masinja, muka tashi daga cikin birni muka koma Tudun Wada. Ni ne na farko da aka sa a makarantar boko a gidanmu, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Kakata, wadda muke kira Iya, tana da wata al'ada. In an gama cin tuwo bayan magariba, garwashin murhu bai mutu ba, sai ta tara mu ta ɗauko tatsuniya, amma ba ta kai ta ƙarshe. Daidai inda rai ya rataya sai ta kakkaɓe zane ta ce, "Na gaji. Gobe wani ya ƙarasa mini." Wanda ƙarshensa ya yi mata, shi take ɗinkewa a jikin tatsuniyar har abada, duk inda ta ba da ita kuma sai ta ce, "Wannan ƙarshen na wane ne." Ba abin da nake so a duniya kamar in ji sunana a wurin nan. Tatsuniya bakwai a jere, sunan Ladi aka kira.

Ladi 'yar goggona ce, taubashiyata, ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Ni kuwa sai in wuni ina rubutu a allon makaranta, in goge da yawu, in sake, in kawo sarki mai adalci, in rufe da gargaɗi irin na littafin karatu. In na karanta, Iya ta yi doguwar hamma ta ce, "Angona, wa'azi muka zo ji ne?" Sannan Ladi ta buɗe baki kamar yanzu abin ya faɗo mata, gida ya ɗauki dariya, ni ina gefe.

Wata ranar Alhamis Iya ta ce, "Ga wata ta shigo, wa zai ba ta wuri?" Muka ce, "Ta zauna mu ji ta." Wai zaki ne gashi ya dame shi, ya aika aka kamo masa wanzami, da sharaɗin in aska ta taɓa fata, wanzamin ne abincinsa. Aski ya tafi lafiya har bayan kunne. Sai ƙuda ya sauka wa wanzami a hanci, hannu ya goce, jini ya tsarto. Nan Iya ta tsaya.

Washegari ba makaranta. Har hantsi allona fari fat, ba abin da ya zo mini. Sai na jiyo Ladi wajen dutsen niƙa, cikin mata. Da yake ba a tatsuniya da rana, ta mai da ita labari: "Kun ji abin da ya sami wani wanzami a Hanwa da wani saja mai zafin rai?" Na laɓe. A faɗarta, wanzami ya yi wuf ya yanki yatsansa, ya ce jinin nasa ne. Ban tsaya jin sauran ba. Na ruga na rubuta, na yi masa ado da manyan kalmomi, don a ganina abin da ya hau allo ya gama zama.

Da aka taru na riga kowa miƙewa na karanta. Iya ta dube ni ta ce, "Shi zakin itace ne, da za a yanke shi bai ji ba?"

Ladi ta ce, "Iya, ai wannan nawa ne na safe. Abin da Innata ta tambaye ni ke nan a wajen niƙa, na yar da shi. Na kai wani ƙarshen bakin rijiya, ba wanda ya yi dariya, shi ma na yar. Malam a bola ya tsinci nasa."

Sai ta kawo na uku, wanda ta gwada wajen mai kitso. Wanzami ya ga jini ya saki salati, ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya so ka! Mataccen jini ne ya taru a nan, shi ke sa ka ciwon kai. Bari in kafa ƙaho." Ya kafa, ya zuƙe. Zaki ya ji daɗi, ya juyo ɗaya kunnen ya ce nan ma a tsaga.

Iya ta yi dariya har ta ƙware. Da ta farfaɗo ta ce mini, "Angona, ka iya sata, ba ka iya jira ba."

Na daɗe kafin in gane abin da na gani a ranar. Abin da na ɗauka baiwa ce daga sama, ashe aiki ne. Ladi ta fi ni gogewa da sakewa, sai dai ita a fuskokin mutane take dubawa, ni kuwa ni ke rubutawa, ni ke yaba wa kaina. Mai karatu zai zaci sanin haka ya warkar da ni. Ƙara mini ciwo ya yi. Da ina da uzuri, in ce rabo ne. Yanzu an ƙwace uzurin.

Na yi shekaru ina koyarwa, na soma rubuta littafi, kuma har yau ba na kai komai wajen masu bugawa sai na bi ta gidan Ladi. Na taɓa karanta mata wani babi da ya ci mini wata huɗu, tana tsintar shinkafa, jikoki na hawa kanta. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, shi mutumin nan naka, me ya hana shi ya tambayi uwarsa kawai?"

Ba abin da ya hana shi. Na koma gida na yage shafi goma sha ɗaya, na yi mako biyu ban je gaishe ta ba. Da littafin ya fito, wurin nan kowa ya fi yabawa. Na karɓi yabon da hannu biyu, ban ambaci sunan Ladi ba.