Shuɗin Harshe

Ranar Alhamis ta ƙarshe a zangon karatu na uku, shekarar da nake aji biyar, na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar makarantarmu, a gaban malamai da ɗalibai gaba ɗaya, na zaro wa hedimasta harshena. An kwana ana ruwa, ƙasa sai ƙamshi take yi, kwaɗi ma ba su gama kuka a kududdufin bayan aji ba. A kan teburin da ke tsakanina da shi an jera tsintsiyoyi da faya-fayai da igiyoyin rama, aikin hannun da kowa ya kawo don a ba shi maki. A tsakiyarsu ga wata 'yar farar bas mai shuɗin layi, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Tawa ce. Abin da ya tara mu ke nan, wai ba ni na yi ta ba.

Ni ba yarinya ce mai tsiwa ba. A ƙauyenmu, can wajen Tsanyawa, Safiya sarkin tunani ake ce mini, domin in aka aike ni rijiya nakan tsaya kallon gajimare a cikin bokiti har Inna ta biyo sawuna. Babanmu mai fentin mota ne a Ɗambatta. Yana da bindigogin feshi uku a cikin wani akwatin katako: babba mai faɗin baki, matsakaiciya, da ƙarama wadda bakinta bai fi tsinin allura ba. Duk Juma'a yakan dawo gida da akwatin, ya shimfiɗa buhu a zaure ya warware su ya goge, ni kuwa in tsugunna gefe ina shaƙar warin fenti kamar turare. Sai shekarun wahala suka shigo. Hatsi ya yi tsada, mai ya yi tsada, masu motoci suka bar zancen kwalliya, kowa ta cikinsa yake yi. Baba ya sayar da injin iska, ya bi bindigogin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya rungumi 'yar gonar gado, irin gonakin yankinmu da in ka yi dogon taku sai ka faɗa ta maƙwabci. Daga ranar bai ƙara ambaton fenti ba. Akwatin ya koma ma'ajiyar kuka da daddawa.

A daminar da nake magana rumbu ya yi ƙasa tun kafin gero ya fitar da kai. Tuwo sau ɗaya ake tuƙawa, da rana kwaɗon tafasa ko na rama. In mun taso daga makaranta sai yankan ciyawar awaki, sai surfe, sai korar kaji daga shanya; in an samu sarari mu yi carafke a gindin turmi. Da Malam Sabo, malamin ajinmu, ya ce mata su kawo tsintsiya ko faifai, maza kuma mota ko igiya, a raina na riga na zaɓa. Akwai wata farar bas mai shuɗin layi da ke wucewa ta bakin ƙauyenmu duk ranar kasuwa. Ita ce mota ta ƙarshe da Baba ya yi wa fenti. In ta taho yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da noma, ni kuwa in bi ta da ido har ta ɓace. Ita nake so in yi.

Na zare kara daga dangar bayan gida na ɗaure ƙashin motar, na lulluɓe shi da kwalin sabulu, na yanko tayoyi daga tsohon silifas, gilasai kuma daga robar ruwa. Duk wannan yaran unguwa ma suna yi. Fentin ne ba na so ya zama na kowa. Ba na son shafe da tsumma ko gashin kaza, feshi nake so, irin na Baba, wanda ba a ganin sawun hannu. A ƙarƙashin gadon Inna akwai famfon filit na maganin sauro, ya daɗe a bushe tun da aka koma turara ɓawon lemo. Na wanke shi da toka, na jiƙa farar ƙasa da ƙaro, na tace da gefen ɗankwalina, na ɗura. Farin ya sauka a jikin kwali lumui, har na ji ƙwalla. Sai zumuɗi ya ɗebe ni, na zuba shunin wankin Inna a cikin famfon don in ja layi. Bugu biyu kawai na yi, shuɗi ya wanke motar tun daga rufi har taya, kwalin ya jiƙe ya lotsa.

Ina zaune a bayan rumbu ina kuka Baba ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi famfon, bai taɓa ko ɗaya ba. "Kin taɓa ganin na ja layi da babbar bindiga?" Na girgiza kai. "Kowane aiki da bakin da ya dace da shi." Ya wuce ya ɗauki buta. Iyakar taimakon da ya yi mini ke nan, kuma ya ishe ni.

Na sake wata motar daga farko. Famfon filit na bar masa farin jiki, shi ma daga nesa, shafi uku, ina jiran kowanne ya bushe a kan murhu mai ɗumi saboda rana ba ta fitowa. Layin ne ya cinye mini kwanaki. A ƙarshe na samu bututun biro biyu da suka ƙare, na soka su a totuwar kara, bakin ɗaya a kan bakin ɗaya kamar kusurwar ɗaki. Guda yana nutse a kwalbar shuni, guda yana bakina; in na hura, iska ta ja shunin sama ta watsa shi siriri kamar numfashi. Na rufe inda ba na so ya taɓa da takardun tsohon littafina, na bar tsaga ɗaya. Wahalarsa ita ce toshewa. Ƙaron da na dama shunin da shi yana daskarewa a ciki, kuma ba ya buɗewa sai an tsotsa, in an tsotsa kuwa sai an sha. Kwana huɗu ina haka. Inna ta dirje mini leɓe da sabulu tana cewa, "Ke dai ko akuya ta fi ki sanin abin da za ta sa a baki." Leɓen ya fita, harshen ya ƙi. Daga ƙarshe na ga motar ta yi tsabta fiye da gaskiya, domin bas ɗin da na sani ba ta rabuwa da jar lakar hanyarmu. Na tsoma tsohon buroshin haƙori a ruwan jar ƙasa, na riƙa karta shi da babban yatsa, ɗigo-ɗigo suka fantsama a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi. Nan ne ta zama ita.

Da na ajiye ta a tebur ranar Alhamis ɗin, Malam Sabo ya ɗaga ta ya jujjuya, ya shafa layin da yatsa, ya miƙa wa hedimasta. Malam Sabo ya ce da farko dai mota ba aikin mata ba ce, na biyu kuma kowa ya san sana'ar ubana, wannan hannun gwani ne. Hedimasta ya ce in na amsa cewa Baba ne ya yi, za a yafe mini in kawo tsintsiya gobe. In na ƙi, za a riƙe motar a ofis, a kuma kira sunana a taron safe cikin masu ƙarya. Na ce ni na yi. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Wasu suka fara dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai ba ƙaryar da aka laƙa mini ba ne kaɗai, har da yadda suke ambaton Baba da fenti a bainar jama'a, mutumin da ko kallon motar da ya fesa ba ya iya yi. "Ina shaidarki?" in ji hedimasta. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na buɗe baki na zaro harshen gaba ɗaya, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina.

A garinmu yaro ya yi wa babba gwalo, ai magana ta ƙare. Malam Sabo ya kai hannu ga bulala. Na ce, "Malam, ba gwalo ba ne, shaidar ce." Na zaro bututun biro da 'yar kwalbar daga jakata, na ɗora ganyen darbejiya a kan farar takardar da ke gaban hedimasta, na hura. Da na ɗage ganyen, ga siffarsa fara fat a tsakiyar shuɗi, har da tsinin gefensa. Hedimasta ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya turo mini motar ya ce, "Mota taki ce, mun gani. Gwalon ma naki ne." Aka ba ni makina, aka kuma ba ni sharar filin makaranta na kwana uku, da ɗaya daga cikin tsintsiyoyin da ke kan teburin. Ban taɓa yin shara da daɗin rai irin wannan ba.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Baba a zaure, na durƙusa ina jiran faɗa. Ya miƙo hannu, ba motar ya karɓa ba, bututun ya karɓa. Ya ɗaga shi ya leƙa ta ciki, ya ce, "Bakin ya yi faɗi, shi ya sa gefen layinki ya yi gashi." Ya aika aka kawo masa garwashi, ya gasa bakin robar ya ja shi har ya tsuke, ya tsoma a kwalba ya hura a bangon zaure. Layi ya fita siriri kamar zare. Ya yi wani a ƙarƙashinsa, ya kuma yin wani.

Yanzu ina karatun zanen gine-gine a Kano, muna yin ƙananan gidaje na kwali muna fesa musu launi. Ina da 'yan bindigogin feshi uku masu aiki da injin iska, ta bango, ta layi, da ta inuwa, ba wadda ake tsotsa. Abokan karatuna suna mamakin yadda ba na yarda in yi aikin wata da wata, ni kuwa ban cika ba su labari ba. In na je gida nakan tsaya a zaure. An yi yaɓe sau biyu, amma Baba bai bari an rufe layukan nan uku ba. Harshena ya daɗe da wankewa, kuma wani lokaci ina kewar launinsa.