Makullina ya buɗe rumbu daga Najeriya

Ƴan uwa, yau an ce na shiga Najeriya alhali ina zaune a Diffa.

Kun san aikina. Sunayen iyalan garin Yebi da ke karɓar taimako suna cikin rumbunmu na intanet. Odinatata, wato kwamfutata, ita ce ke shiga da kanta. Duk awa takan karɓo makulli na ɗan lokaci daga wurin da ke shaida ni ce, ta nuna, a buɗe mata.

Da hantsi Malam Bukar, mai kula da injunanmu, ya kira ni.

"Falmata, kina ina?"

Na ce ina biro, wurin aiki.

"To wani ya shiga da makullinki daga tsallaken kogin Komadugu, ɓangaren Najeriya. Ya sauke sunayen duka."

Na tuna abin da ke cikin rumbun. Mata da yara, har da rumfar da kowa ke kwana! Mutanen da suka gudo don kar a same su. Na ji kamar ni na nuna su da yatsa.

Ya kashe makullin, ya iso a guje. "Wa kika ba? Faɗi gaskiya, ƙanwata."

Na rantse ina kuka. Ya ɗauki wayata, wadda odinatar ke jan intanet daga gare ta. Ya duba ta.

Ashe rezonmu, sabis ɗin wayarmu na Nijar, shi ne ya ɗauke, wayar ta koma kan layina na Najeriya. Da odinatar ta sauke sunayen don aikina, sai aka ga kamar daga can aka shiga.

Ya ce, "Ɓarauniyar ke ce. Sha ruwa."

Na ɗauki kofi, na shanye ruwan tas.