Hudar da Na Yi wa Akwatin Gem

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Kada ka wahalar da kanka kana nemansa a tsakiya ko a ƙarshe. Ga shi nan zaune yana ba ka labari, da furfurarsa, da tabaron da aka ɗaure wa ƙafa da zare.

Abin da ya tono zancen kuwa, jikata ce ta kawo mini cajar wayarta wai ta tsinke. Na jona ƙarfen liƙi, na ɗora masa dalma, hayaƙin nan siriri ya tashi ya shige mini hanci. Shi ke nan, sai na gan ni a rumfar kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma mai liƙi ne. Rumfarsa tana jingine da katangar gidan mai unguwa a nan Kaura, cike da butoci da fitilun ƙwai da bokitan da suka gaji da duniya. Da damina, idan mutanen ƙauyen Banga suka shigo kasuwa da laka har gwiwa, kowa da abin da ke masa yoyo a hannu. Ni ne mai hura gawayi. Kawu ba mai yawan magana ba ne, karatunsa gajere ne: a kankare wuri sai ya yi haske, a shafa sinadari, a gasa wurin da kansa, dalma ita za ta bi. Idan na liƙe buta, sai ya cika ta da ruwa ya riƙe a saman kaina. In ta ɗiga, to a ƙeyata za ta ɗiga, sannan ranƙwashi ya biyo baya ya share ruwan. Da wannan jarrabawa na girma.

Boko kuwa na taɓa shi kamar yadda ake taɓa tukunyar da ke kan wuta. Na dai samu abin da zan karanta rubutun bayan rediyo. Wannan ɗan turancin shi ya kumbura mini kai, na bar butoci na koma gyaran rediyo a bakin tashar jirgi, na sayi ƙarfen liƙi na lantarki, na rubuta Injiniya a allon shagona da hannuna. Babu wanda ya naɗa ni, babu kuma wanda ya hana.

Da aka ba mu sabuwar jiha, gari ya ɗan motsa. Ma'aikata suka ƙaru, talabijin ta yawaita. Maƙwabcin shagona wani Kirista ne daga Filato, tsohon leburan jirgi. Da jirgi ya fara zuwa sai ya ga dama, aka sallame su, shi kuma ya tattara abin da aka ba shi ya sayi talabijin da na'urar gem da ƙaramin janareta. Yara su biya su buga ƙwallo a allo. Da wannan yake ciyar da iyalinsa, ba shi da gona, ba shi da akuya. Mutum ne mai sanyin hali, in an kira salla shi ke tsare mini shago.

Damuwarsa ɗaya ce, hannun gem, wato ɗan abin nan mai madannai da yaro ke riƙewa yana sarrafa ɗan wasa. Yaranmu da suka saba da fartanya, in suka matsa shi sai ya ce wayyo. Kullum yana kawo mini gyara, har na ce masa zan yi maganin abin gaba ɗaya.

Na kwance hannun gem na ciro fanel ɗinsa, ɗan faranti kore mai hanyoyin tagulla kamar jijiyar ganye. A ƙarƙashin kowane madanni akwai tabo biyu: ɗaya nasa ne shi kaɗai, ɗayan kuma na tarayya ne, hanya guda ce ta zagaye su duka. In tabon biyu suka haɗu, ɗan wasa ya motsa. Iyakar sirrin ke nan. Sai na kankare baƙin da ke kan kowane tabo da reza har tagulla ta fito, na ɗiga dalma kamar ƙwayar gero, na liƙa siririyar waya, na ja ta zuwa manyan madannan ƙararrawar ƙofa. Ta tarayyar kuwa waya ɗaya ta ishe ta, ni na sa mata suna uwar waya. Kafinta ya haɗa mini akwatin katako, na dasa sanda mai kan giyar mota, na kwantar da fanel ɗin a ƙasan akwatin tsirara, ko leda ban rufa masa ba. Ko ɗan dambe ya doki abin nan, hannunsa ne zai yi ciwo.

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labari. Amma a wata takardar mujalla da aka ƙunso mini kayan gyara na ga hoton irin wannan akwati a ƙasar Turawa, da 'yar huda a gaba ta jefa kuɗi. Na ce ashe nawa bai cika ba. Na ɗauki kurfi na tsaga masa huda, na yi mata baki da gwangwanin madara, har da jan fenti na zana kibiya tana nuna ta. Ba ta haɗe da komai, ba ta aikin komai. Maƙwabcina ya duba ya ce, "Injiniya, wannan fa na mene ne?" Na ce, "Na zamani ne. Ba za ka gane ba."

Sai Shari'a ta zo. Kada ka ji an ce wani, ni ma a sahun gaba na yi kabbara. Aka rufe gidajen giya, 'yan karta suka watse daga gindin bishiyoyi. Amma baƙinmu na kudu da na tsakiya hankalinsu bai kwanta ba, wasu har sun tura mata da yara gida. Maƙwabcina ya rage dariya. Ya ce mini shi ba inda za shi, nan aka haifi 'ya'yansa, Hausar Kaura suke yi. Unguwa kuma ta kafa kwamitin sa-ido, dattawa da matasa, a ƙarƙashin wani malami wanda ba mugu ba ne, amma in ya faɗi magana ba ya komowa ya ɗauke ta.

Wata rana da bazara, an sauko daga azahar, na tarar da matasan kwamiti suna ɗora akwatina a baro, da talabijin da janareta. An kai ƙara cewa Kiristan bakin tasha ya girke injin kalo-kalo, yara na jefa kuɗi suna caca. Maƙwabcina yana tsaye da makullin shago a hannu. Kallon hudar nan kawai ya yi, sannan ya kalle ni.

Muka bi baro har ƙofar mai unguwa. Hanyar duk gargada, akwatin yana tsalle, ina jin wani abu na ƙaras-ƙaras a cikinsa, na ce a raina ƙusa ce. A filin an riga an tara karta da kwalaben da za a ƙona, ga galan na kananzir a gefe. Jama'a ta cika. Kawu yana rumfarsa, tsufa ya lanƙwasa shi, yana liƙin wata fitila kamar ba a garin ake yi ba.

Malam ya ce, "Wa yay yi wanga akwati?"

Na ce, "Allah shi gafarta malam, ni na."

"To, kai musulmi na, ba mu son mu zalunci baƙo. Ka gwada muna ba caca ta ba kahin la'asar. In an kira salla ba mu gamsu ba, akwatin shi bi 'yan'uwanshi wuta, da talabijin ɗin duka."

Na gyara hula. A raina har ina murna, yau gari zai ga aikin injiniya. Aka ta da janareta, filin ƙwallo ya fito kore shar a allo. Na ɗaga hannuwana sama don kowa ya shaida ban taɓa komai ba tukuna, ina shirin jawabi. Sai ɗan wasan ya kwasa da gudu shi kaɗai. Ya yi hagu, ya yi ta yin hagu, har ya je ya manne da layi yana ta tattaki. Babu mai riƙe da sanda.

Wani matashi ya ce, "Kun gani ko! Shi ka zaɓen mai ci da kainai. In ba caca ba mi na na?"

Hayaniya ta tashi. Na ja sandar dama, na doki madannai, ɗan banzan nan ko waiwaye. Gumi ya fara bin bayana. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce a buɗe cikin.

Na kwance ƙusoshin bayan akwatin. Ina janye katakon, sai ga su sun zubo a kan tabarmar mai unguwa: tsofaffin kwabbai da sulallan da ko mai ƙosai ta daina karɓa, da marafan kwalba, da ɓawon gyaɗa. Wani kwabo ya gangara a tsaye, ya yi ta tafiya, bai faɗi ba sai a gaban ƙafar malam.

Aikin yaran gari ne, sun ga huda da kibiya, duk abin da ya shiga sai su tura. Amma je ka faɗa wa taron da ya ga kuɗi sun fito daga cikin akwati. Na ga wani ya ɗauki galan ɗin kananzir ya matso da shi. Maƙwabcina ya durƙusa a inda yake, ya ce, "Malam, wallahi ban taɓa buɗe shi ba." Muryarsa ba ta kai ko'ina ba.

Na leƙa ciki. Ga wani sule kwance a kan fanel, ya haɗa tabon hagu da hanyar tarayya, shi ne ke ta danna wa ɗan wasa hagu. Girgizar baro kuma ta ɓalle uwar waya daga mazauninta, shi ya sa madannai suka mutu. Na yi bayani, na yi rantsuwa cewa hudar ƙawa ce, ni na yi ta don a ce na iya. Aka yi dariya, amma ba irin wadda ke ceto ba.

Malam ya ce, "Baki shina iya faɗin komi. Gyara mu gani."

Ƙarfena na lantarki yana can bakin tasha, inuwa kuma ta riga ta miƙe, ladan har ya fito da butarsa. Ban san lokacin da na juya wajen rumfa ba. Kawu bai ɗago ba, ya dai tura kaskon gawayi da ƙafa, da ƙarfensa a ciki. Ƙarfen liƙin bokiti ne, kansa ya kai babban yatsa, tabon da zan liƙa kuwa bai fi idon tururuwa ba. In na ɗora shi haka, tagullar za ta ɗaye, shi ke nan an gama. Na yanko guntuwar wayar tagulla mai kauri, na nannaɗe ta a kan ƙarfen, na bar bakinta ya fito kamar tsinke, na mayar cikin wuta. Na durƙusa ina hura gawayi da bakina, da gemuna da komai, a gaban garin da na rubuta wa Injiniya.

Na kankare wurin sai da ya yi haske. Na lakato sinadarin kawu. Taɓawar farko zafi bai isa ba, dalma ta dunƙule ta gangare. Na mayar wuta. Ladan ya gama alwala yana gyaran murya. A ta biyu na riƙe numfashi, na gasa wurin ba dalmar ba, ta narke ta kwanta tana ƙyalli, ta rungume wayar. Na ɗan ja, ba ta biyo ni ba.

Na cire sulen, ɗan wasa ya tsaya cak. Malam ya taso da kansa ya kama sandar. Ya ja dama, ɗan wasa ya yi dama. Ya saki, ya tsaya. Ya ɗauki kwabon da ke gabansa ya jefa a hudar, muka ji ya faɗa kan katako, babu abin da ya motsa a allo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ba caca ba ce, a mayar wa mutum kayansa, amma a rufe shago lokacin salla, kuma a toshe hudar nan yau. Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Wanda ya matso da kananzir ɗin nan shi ya kama maƙwabcina ya tashe shi.

Yau babu jirgin, babu rumfar, kawu ya daɗe da rasuwa. Maƙwabcina ya tsufa a nan, sai daga baya da hanyoyin Shinkafi da Zurmi suka zama abin da suka zama a hannun 'yan bindiga, 'ya'yansa suka ɗauke shi. Yara yanzu a waya suke buga ƙwallonsu, abin da ko ƙusa ba a ganin inda za a kwance. Babu mai kawo buta liƙi, ta roba ce, in ta huje a yar.

Amma ban gaya maka yadda ranar ta ƙare ba. Da aka fito daga la'asar, jini ya dawo mini, na tsaya a bakin rumfa ina mayar da ƙarfe, mutane na jina. Na ce, "Kawu, ka dai gani. Da ba don ilimin zamani ba, da yanzu kayan bawan Allah sun zama toka."

Kawu ya ɗaga fitilar da yake liƙi ya duba ta a rana, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Ni tun ina yaro nike toshe huda ga butocin mutane. Ban san na raini mai huda abin da ba shi yoyo ba."