Wainar Bahiya a Gangara

Tozai

Tun kafin a kira assalatu muka labta wa jakai kaya, muka bar Tozai. Wannan zangon ne kuka fi son jin labarinsa, ku 'yan uwana da muka ƙetaro teku tare daga Bahiya, ƙasar da aka bautar da mu, kuka zauna Ikko, don haka ba za ni tsaya kan wahalar Ilori da ta Nufe ba. Kun san ni, Nomau mai dahuwa, wanda mayaƙan Sakkwato suka kama a gonar gero yana yaro, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Na bar gida ban fara azumi ba, na dawo da furfura. Abin da ya taso ni shi ne maganar wani falke a Ilori, wanda ya ce mini yayata Ige tana da rai, tana Gangara kusa da Sabon Birni.

Madugun ayarinmu, Alu, mai fataucin goro ne, ya san hanyar sarai. Da gari ya waye ya dubi fuskata ya ce, "Malam Nomau, in mun kai ƙofar Isa ka ja rawani ka rufe kumatu. Tsagar ga taka ta Gobirawa ba ta da farin jini can."

Na ce, "To, in mun kai Sabon Birni fa?"

Ya ce, "Can sai ka buɗe ta, har ka shafa mata mai."

Isa

Mun isa da azahar. Garin yana hannun mutanen Sakkwato, kuma ko'ina ka duba shirin yaƙi ne. Masu tsaron ƙofa suka zazzage kayanmu, suka karɓi goro, suka bar mu muka shiga. Wani malami ya sauke mu a zaurensa, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka. Mutumin kirki ne. Muna ci yana ba mu labarin yadda maharan Gobir suke faɗa wa rugage da gonaki suna kwashe mutane, yana kiransu da sunan da ba za ni maimaita ba. Ban ɗaga rawanina ba har muka yi sallama.

Na tuna limaminmu na Bahiya, wanda muke bi salla a ɓoye. Shi mutumin Shehu ne, Gobirawa suka kama shi. Ni Bagobiri ne, mutanen Shehu suka kama ni. Bulala ɗaya aka yi mana a can, ba a tambaye mu ɓangare ba.

Sabon Birni

Tsakanin Isa da Sabon Birni ba mu yi hira ba. Gonaki ne da ciyawa ta cinye, da kufai nan da can, rumbuna sun ƙone sun bar duwatsun gindinsu. Alu ya sa aka ɗaure wa jakai baki. Da la'asar muka ƙetare gulbi, masu fito suka tura kayanmu bisa manyan gora, mu kuwa ruwa har ƙirji.

A ƙofar birni na sauke rawani. Mai tsaro ya duba tsagata, ya tambaye ni garinmu. Da na amsa sai ya yi dariya ya ce, "Baba, fuskarka tamu ta, amma bakinka ya karye. Ina ka hito?"

Na ce, "Bayan teku."

Ya ɗauka wasa nake yi, ya ce in wuce. A nan muka rabu da Alu, ya ce in ya sayar da goronsa zai aiko mini kafin ya juya.

Gangara

Na shiga da hantsi. Aka nuna mini gidan, na yi sallama, wata tsohuwa ta fito riƙe da faifai. Na faɗi sunana da na ubanmu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Nomau ya mutu, mun yi sadakarsa." Na ce, "Yaya, ni ne kika aika in kai wa Baba fura gona ran nan." Faifan ya faɗi, ta zauna a ƙasa ta kama ƙafata. Abin da ya biyo baya ku ma kun sani, ba sai na faɗa ba.

Mijinta ya rasu, ɗanta Barmu ke riƙe da gidan. Ƙato ne, mai fara'a, ya yanka mini rago, ba ya kirana sai da Kawu. Sana'arsa noma da damina, hari da rani.

Washegari na ga wata mata a bayan turken awaki tana sarrafa madara, da mari a ƙafafunta. Na tambaya, Ige ta ce Bafulatana ce, sunanta Daso, Barmu ya kamo ta wajen Isa, ana jiran fatake a sayar da ita ya sayi doki. Ta faɗa mini haka kamar mai maganar tunkiya. Daso tana ɗiga ruwan tumfafiya cikin madarar da ke kan wuta, madarar tana kamawa tana zama cuku fari mai laushi. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

Kwana na yi ina neman yadda za ni buɗe maganar. Baƙo ne ni a gidan, ko da jinina ne. Da safe na hangi damman masara bisa rumfa, sai na ce, "Yaya, yau ni za ni yi muku abinci."

Matan gida suka fashe da dariya. Ige ta ce, "Namiji cikin madafa? Mi anka mai da kai can?"

Na ce, "Shi za ki gani."

Na sa aka surfa masarar aka fece dusa, na dafa tsakin har ya yi laushi amma bai narke ba, na tsane shi ya huce. Aka daka shi a turmi ya zama ƙullu mai kauri. Na zuba gishiri da ɗan man shanu, na yi ta cuɗawa har ya daina kama hannu. Sai na je wurin Daso da ƙwarya na roƙi cukunta. Ta yi mamakin roƙon, ta miƙo mini. Na riƙa dunƙula ƙullun kamar ƙwan agwagwa, in huda rami da babban yatsa, in cusa cuku, in rufe bakin, in daɓe shi tsakanin tafukana ya yi faɗi. Inda ya tsage sai in jiƙa yatsa in shafe. Na ɗora kasko a kan garwashi, ba wuta mai harshe ba, don kada bayan ya ƙone cikin yana ɗanye. Da gefe ɗaya ya yi ja sai in juya. Ƙanshin ya sa yaran maƙwabta suka cika ƙofa.

Ige ta ɓara ta farko, tururi ya tashi, cukun ya yi taushi a tsakiya. Ta ci, ta ƙara. Barmu ya zauna ya ja akushi gabansa. Na ɗauki biyu na kai wa Daso da hannuna, na dawo.

Ige ta ce, "Wa ya koya maka wanga abu?"

Na ce wata tsohuwa ce a gidan Baturen da ya saye ni. Ba baƙa ba ce kamarmu, ja ce mai dogon gashi, daga wata ƙasa aka kawo ta cikin jirgi tana budurwa. Harshenta ya ɓace mata, sunanta na gida ma ta manta. Abin da ya rage mata na uwarta wainar nan ce kaɗai. Tana yi tana kuka, ni ina hura mata wuta. Da ta mutu aka haƙa rami bayan bargar dawaki aka tura ta, ba wanka, ba wanda ya san inda za a aika da labari. Na ba su labarin cikin jirgi, yadda ake jera mutane kwance, da yadda ake jefa wanda ya mutu a ruwa. Ban ƙara kome ba, ban rage ba.

Barmu ya cire hannu daga akushi. Ya gane inda na dosa. Ya ce, "Kawu, mutanen Sakkwato ma haka sunka yi muna. Kai ne shaida."

Na ce, "Ni ne shaida. Amma wanda ya kama ni bai san inda za ni ƙare ba. Kai yanzu ka sani."

Ya ce, "In ban hau doki ba, su za su hau su zo su ɗauki Inna."

Gaskiya ya faɗa. Ige tana kallon wajen turke, inda Daso ta riƙe wainar ba ta ci ba. Can Ige ta ce, "Ita ma wata ta aike ta da ƙwarya ran nan." Ta juya ga wata jikarta ta ce, "Tahi ki kira maƙeri."

Barmu ya tashi tsaye, amma bai musa wa uwarsa ba. Na ba shi jakina da turmin yadin da na ɗauko tun daga Ikko, ko ya rage asara. Ya karɓa. Maƙeri ya zo ya fasa marin. Ƙafafun sun yi gyambo, Ige da kanta ta wanke su da ruwan bagaruwa.

Komawa

Da Alu ya aiko, na tafi da Daso muka bi ayarinsa. Hanyar ɗaya ce, shirun ɗaya. Kafin mu kai Isa ta hangi garken shanu a wata fadama, ta tsaya, ta kira wata saniya da suna, saniyar ta ɗago kai. Ta ce mini, "Baffa, nan ne." Ta tafi tana ɗingishi, ba ta waiwayo ba. Ni ma ban matsa kusa ba, saboda fuskata. Na kwana a wani ƙauye, na sami masu gishiri da za su arewa, na biyo su.

Na iso Gangara lafiya. Ige ta sa an gyara mini ɗaki kusa da nata, kuma nan za ni zauna, kada ku jira ni. Na gode wa Allah da ya nuna mini ita, na gode wa Alu, na gode muku da guzurin da kuka haɗa mini.

Barmu yana gaishe ni, amma ba ya zama inda nake. Shekaranjiya ya ari doki ya fita da mahara. Na raka shi har bakin gari, na roƙi Allah ya dawo mana da shi lafiya, ya kuma dawo da shi hannu wofi.