Haladu Mai Gyaran Tanki

Haladu mutumin Mainika ne, amma a Gwarzo aka san shi, masinja a wani ofishin gwamnati. Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, manyan ofis suka zauna neman ƙofar da arzikin ƙasa ke zurarewa, suka gano ashe ta wajen Haladu ce. Aka sallame shi, shi da mai shara.

Matarsa Uwaliya ta gaji da ganinsa a gindin bishiya, ta ce gara ya gwada samanta. Ya tafi Gude wajen kawunsa Datti, mai ɗora amya a kan kuka yana ɗiban zuma.

Kawu Datti ba ya amfani da tsani. Wani dogon gwado gare shi, saƙar hannu. Sai ya ninka shi biyu, ya jefa igiya ta haye reshe, ya ja shi sama ya ɗaure, gwadon ya sauko kamar lilo.

"Cire zoben nan da agogo, ka tuɓe rigar ofis," in ji shi. Ya zaunar da Haladu a cikin gwadon daidai tsayin gwiwa.

"Kawu, ai wannan goyo ne."

"Goyon ne. Zauna."

Ya daɗe a ƙasa yana koyon naɗe ƙyallen a ƙafa guda, ya take da ɗayar, ya miƙe, ya kama gaba. Ran nan Kawu ya juya baya, Haladu ya ga ai ya iya, ya dinga naɗewa yana takewa har ya taɓa reshe. Da ya leƙo ƙasa sai ya ƙanƙame gwadon.

"Kawu! Ta ina ake saukowa?"

"Ba mu zo nan ba tukuna," in ji Kawu, ya ɗauki buta ya tafi sallar la'asar. Mata masu dawowa daga kasuwa suka tsaya suna yi masa sannu da hutawa.

Da Kawu ya dawo ya tsaya a ƙasa yana faɗa masa. Kada ya sulalo, tafin hannunsa zai saɓule. Ya riƙe da hannu biyu, ya sassauta naɗin ƙafar kaɗan, ya sauko taƙi guda, ya sake takewa. Haka ya iso ƙasa, ba ko ƙwarzane.

Zuma ba ta karɓe shi ba, ƙudan sun fi son fuskarsa. Ya koma Gwarzo da gwado irin na Kawu, ya zama mai ɗaura wa alhazai eriyar talabijin a kan dogon ƙarfe, da lasifikar masallaci, da tutar kowace jam'iyya, ya ɗaura ta yau ya kwance ta jiya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, unguwarsu ta kafa kwamitin gyaran tarbiyya, Malam Musbahu mai kantin taki ya zama shugaba. Aikinsu na farko shi ne sauke babban faifan setilayit da ke kan gidan kallo. Aka kira Haladu. Ya hau, ya kwance faifan, ya zuro shi da igiya, jama'a na kabbara. Shi ma ya yi tasa daga sama, don har zuciyarsa ya ji daɗi. Ƙanensa ya kusa tarewa a gidan kallon nan. Malam Musbahu ya ce za a ajiye faifan a gidansa a matsayin shaida.

Bayan sallar Juma'a ya aika a kira Haladu.

"Malam Haladu, shaidar nan tana tare wa iyali hanya. Ka ɗora min ita a kan soro, bayan tankin ruwa."

"To, Malam. A kife zan ajiye ta?"

"A'a, ta dubi gabas kaɗan. Ka haɗa wayar ma. Wanda zai yaƙi ɓarna dole ya san kamanninta."

Haladu ya hau ya ɗaura. Malam na daga ɗaki yana cewa, "Dama kaɗan! Ya isa, ta fito!"

Daga ranar, duk iskar da ta kaɗa faifan sai a zo neman Haladu, wai tankin Malam ya toshe. Sauran 'yan kwamiti ma suka sayi tankuna. Uwaliya ta ce ba ta taɓa ganin garin da famfo ya ƙafe amma tankuna ke yawan toshewa ba.

Yanzu gwiwa ta hana Haladu hawa, yana sayar da rake a bakin tasha. Bai taɓa kama sunan kowa ba. In samari suka tsokane shi, "Baba Haladu, yaya tankin Malam?" sai ya ci gaba da feraye rakensa.

"Lafiya lau na bar shi," yakan ce. "Ruwa na zuwa garau, har da na ƙasar Larabawa."